Shafi biyu a kan katangar ƙasa: yadda na rubuta takardar neman karatun masta

Ni haifaffiyar Maraɗi ce, a unguwar Bagalam na tashi, kuma sana'ata zanen gine-gine. Labarin da zan bayar shi ne na takardar da ta buɗe mini ƙofar karatun masta a ƙasar waje, wato takardar bayyana manufa, wadda mu da muka yi karatu da Faransanci muka fi sani da letir da motibasiyo. Na ga ya dace in faɗe shi ne saboda ƙannenmu da yawa, maza da mata, suna da maki mai kyau da hannun zane, amma da zarar an ce su rubuta shafi biyu a kan kansu da abin da suke nufin yi, sai alƙalami ya ƙi tafiya.

Garinmu bai daɗe a mazauninsa na yanzu ba. Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, cikin kwarin Gulbi suka zauna, kuma nan garin ya kasance har 1945, shekarar da ambaliya ta cinye shi, aka hau da mutane kan tudu, aka yanka musu filaye tsakanin tituna miƙaƙƙu. Kakata tana yarinya aka yi wannan tashin, kuma har ta koma ga Allah da shi take lissafin shekaru: wane an haife shi kafin ruwa ya ci gari, wance an yi aurenta bayan an hau tudu. Gidan da na girma a ciki na birgin ƙasa ne, rufin soro da azara, sai ɗaki ɗaya da mahaifina ya sa wa kwano lokacin da kasuwa ta yi masa kyau, kuma wannan ɗakin shi ne wanda kowa ke gudu idan watan Afrilu ya kama. Ƙanen mahaifiyata magini ne, duk shekara kafin ruwan farko shi yake zuwa ya duba indararo ya yi mana yaɓe.

Bayan na ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, na zauna konkur, jarrabawar neman shiga, na makarantar EAMAU da ke Lome, makarantar da ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka haɗu suka kafa a tsakiyar shekarun 1970 domin koyar da zanen gine-gine da tsara birane. Na kammala matakin lisans, wato digiri na farko, sai rashin lafiyar mahaifina ta dawo da ni gida, na kama aiki a wani ƙaramin ofishin zane. Aikin ba shi da wuyar faɗa: Alhaji zai zo da hoton wani gida na Abuja ko na Dubai a cikin wayarsa ya ce a yi masa irinsa, mu zana, mu yi lissafin buhunan siminti, na Malbaza ko wanda ake shigowa da shi ta Ɗan Isa, mu ƙidaya ƙarfe da tayil, a kai takardu neman izinin gini. Ban raina wannan aikin ba, da shi na sayi magani, da shi kuma na koyi farashin kaya, wanda makaranta ba ta koya mini ba. Amma na san akwai abin da nake son in ƙara sani, kuma ba a ofishin zan same shi ba.

Da Allah ya ba Baba sauƙi sai na fara duba makarantu. Abin da suke nema kusan iri ɗaya ne: takardun shaidar karatu da makin kowace shekara, kundin zane-zanen da mutum ya yi, wasiƙu biyu ko uku daga malamai ko shugabannin aiki, shaidar iya harshe ga masu koyarwa da Ingilishi, sannan ita takardar. Makarantun Faransa kan nemi shafi ɗaya ko biyu, jami'o'in Amurka da Ingila kuwa sukan ƙayyade yawan kalmomi, galibi tsakanin 500 da 1000, kuma na Amurka tun watan Disamba ko Janairu suke rufe karɓa. Tambayoyin da suke so a amsa ba su da yawa: mene ne kake son ka bincika, me ka riga ka yi da zai nuna cewa za ka iya, me ya sa makarantarmu ba wata ba, kuma ina za ka kai ilimin bayan ka gama.

Sauran kayan dosiye, wato takardun neman shiga, duk na haɗa su ba tare da wata damuwa ba, domin takardu ne da wasu suka rubuta a kaina. Wannan kaɗai ce ake so in buɗe baki in ce ni, na yi, na iya, ina so. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san nauyin wannan, balle ɗiya mace. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, idan an yaba maka ka sunkuyar da kai ka ce yin Allah ne. Ga kuma irin rubutun da makaranta ta koya mana, salon takardar neman aikin gwamnati, wadda ake buɗewa da girmamawa, a rufe da girmamawa, tsakiyarta kuma ba kowa a ciki. Akwai samfura da ɗalibai ke tura wa juna ta WhatsApp, na karanta da dama, kuma da a ce an goge sunayen da ke ƙasa babu mai iya raba ɗaya da ɗaya: kowa tun yana yaro yake son zane, kowa ya ga Afirka tana bukatar ci gaba, kowa ya ji labarin shaharar makarantar. Ba ƙarya suke yi ba, sai dai maganar ba ta kama ƙasa, kuma mutumin da zai karanta takardu ɗaruruwa cikin ƴan makonni ba zai tuna da ko ɗaya ba.

Ina cikin wannan tunanin aka yi wani ruwa mai ƙarfi cikin watan Agusta, da dare, gari ya waye katangar maƙwabtanmu a ƙasa. Allah ya kiyaye, ba ta faɗa wa kowa ba, sai akuya ɗaya da turmi. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, wannan katangar ita ce wadda aka kashe wa kuɗi, aka shafe ta da siminti ciki da waje, alhali tamu mai yaɓen ƙasa, wadda ta girme ta, tana nan tsaye. Kawu ya zo da safe, na bi shi. Ya durƙusa a gindin abin da ya rage, ya sa yatsa tsakanin simintin da birgin, sai fallen ya ɓantaro gaba ɗaya kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Abin da ke bayansa ya zama taɓo. Ya damƙo ya matse, ruwa ya fito ta tsakanin yatsunsa.

Ya ce mini, "Ɗiyata, ke da kika yi boko, gaya mini, ta ina ruwan nan ya shiga?"

Na ce, "Kawu, ta tsagar da ke sama, da kuma ta ƙasa."

Ya ce, "To ta ina zai fita?"

A nan maganar take. Ginin ƙasa yana shan danshi yana kuma fitar da shi, yana ɗan kumbura da damina ya koma da rani. Siminti kuwa ba ya motsi tare da shi, shi ya sa yake tsagewa, ruwa ya bi tsagar ya shiga, wani kuma ya taso daga tushe idan titi ba shi da magudana, sa'an nan fallen simintin ya hana shi fita. Daga waje katanga tana sheƙi, daga ciki gindinta yana narkewa, har ranar da nauyin sama ya fi ƙarfinsa. Na taɓa jin wannan a aji a Lome cikin jumla biyu, amma ranar ce na ga an matse shi da hannu. Na tambayi Kawu me ya sa magina suke yarda su yi irin wannan shafe tunda sun san ƙarshensa. Ya ce mai gida ne ke so, kuma wanda ya ƙi yi, gobe ba za a kira shi ba.

Daga nan na ɗauki littafi da ma'auni na fara shiga gidaje, a Bagalam da Maradawa, sannan a sababbin unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo. A nan na gane cewa ina da wata dama da abokan aikina maza ba su da ita: su a zaure suke tsayawa, ni kuwa da sallama nake wucewa har tsakar gida, har madafa, har ƙuryar ɗaki. Na auna kaurin bango, na duba tsawon indararo da inda yake zubar da ruwa, na lura da inda ake wanke-wanke da yadda ruwan ke kwanciya a gindin gini, na zauna na ji inda mata ke shimfiɗa tabarma da azahar idan zafi ya haura digiri 40. Kusan ko'ina amsar ɗaya ce, tsohon ɗakin soro ake gudu a shiga, ɗakin kwano kuma na ajiye kaya ne da karɓar baƙi. Duk da haka, da na tambayi wata Hajiya wanne za ta zaɓa idan za a gina mata sabo, ba ta ko yi jinkiri ba. Ta ce, "Ɗiyata, wa zai kai ɗiyarsa aure ɗakin ƙasa a zamanin nan? Sai a ce mun rasa." Ban yi mata gardama ba, domin gaskiyarta ce, kuma duk mai zanen da bai ɗauki wannan magana da muhimmanci ba, zanensa a takarda zai tsaya.

Sai na ga ashe abin da zan rubuta ya samu, kuma ba sai na yabi kaina ba. Ina da tambaya guda: ta yaya za a gina gidan ƙasa a Maraɗin yau wanda zai jure ruwan Agusta ba tare da yaɓe duk shekara ba, wanda kuɗinsa ba zai fi ƙarfin malamin makaranta ba, wanda kuma Hajiya ba za ta ji kunyar kai ɗiyarta cikinsa ba? Idan na faɗi abin da na gani da abin da na auna, aikin ne zai yi magana a madadina.

Da Hausa na fara, da baki. Na zauna da Inna tana tsince wake na yi mata bayanin abin da nake son in je in koyo, duk inda ta ɗago kai ta ce ba ta gane ba, na san wurin bai nuna ba tukuna. Bayan haka na rubuta da Faransanci. Sakin layi na farko katangar maƙwabta ce, cikin jumla huɗu, ba ado. Na biyu shi ne gidajen da na shiga da abin da na samu, har da maganar Hajiya yadda ta faɗe ta. A na uku na nuna cewa na san ba ni ce farkon mai wannan tunani ba, kuma a nan na fi daɗewa, domin ina so in ambaci mutane saboda abin da aikinsu ya koya mini, ba domin a ga na san sunaye ba.

Na kawo Falke Barmu, maginin ƙauyen Yama a jihar Tawa, wanda ya fara ginin masallacin Juma'ar garinsu da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa shekara da shekaru, har ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine a 1986. Daga gare shi na ɗauki hujjar cewa fasahar tamu ba tsayayya ba ce, magini na iya sabunta ta daga ciki. Na kawo Mariam Issoufou Kamara, mai zanen gine-gine ƴar Nijar, wadda tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin garin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da birgin ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Abin da ya ja ni a aikinta shi ne ginin bai yi kama da na talauci ba, mutanen gari suna alfahari da shi, kuma wannan ita ce amsar da nake nema wa Hajiya. Na ambaci makarantar firamare da Francis Kere ya gina a Gando ta Burkina Faso a 2001, saboda yadda ya ɗaga rufin kwano sama da ginin ƙasa iska na ratsawa, kwanon kuma ya yi wa bango lema. Sannan na faɗi abin da waɗannan ayyuka ba su amsa mini ba: dukansu gine-ginen jama'a ne da aka tsaya a kansu, ni kuwa damuwata gidan mutum ɗaya ne, wanda ake ginawa ɗaki-ɗaki gwargwadon abin da aljihu ya samu, ba tare da mai zane ya taɓa leƙawa ba.

Sakin layi na huɗu shi ne wanda ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, kuma ban yarda in aika wa biyu iri ɗaya ba. Ga makarantar Grenoble ta Faransa, inda cibiyar CRAterre take, wadda aka kafa a 1979 domin binciken ginin ƙasa, na rubuta cewa ina so in koyi gwajin ƙasa a ɗakin bincike, domin lakar kwarin Gulbi da rairayin tudu ba ɗaya ba ne, kuma maginanmu da ido da hannu suke haɗa su. Na ce ina so in gwada shafe na farar ƙasa, in kwatanta shi da irin namu na da, makuba ta ɓawon ɗorawa da laso na katsin marina, waɗanda masu iya haɗa su suke ƙarewa. Ga jami'o'in da ƙarfinsu ya fi a tsara gidaje da unguwanni kuwa, sai na karkata ga maganar magudanar ruwa da tsarin tsakar gida. Na kuma sake jera kundin zanena ya bi takardar, na cire benayen alhazai masu kyan hoto in ban da guda, na sa zanen gidajen da na auna da hannu.

Mutum biyu suka ba ni shawarar da ban ɗauka ba. Wani tsohon malamina, wanda ya gyara mini Faransancin da kyau kuma ina gode masa har gobe, ya so in ƙara manyan kalmomin da ake yayi, irin su ci gaba mai ɗorewa da sauyin yanayi, ya ce su Turawa ke son ji. Na ce masa, "Malam, ai katangar da ta faɗi ita ce maganar, idan na lulluɓe ta da waɗannan za ta ɓace." Yayana kuma ya so in ba da labarin ciwon Baba da wahalar da muka sha, wai zai sa a tausaya a ba ni burs, wato tallafin karatu. Na rubuta jumla ɗaya kawai, cewa na dakatar da karatu domin jinyar mahaifina kuma na yi aiki a tsakanin, saboda kada a ga giɓi a shekaruna a yi ta tambaya. A ganina mai karatun yana neman wanda zai iya aikin ne, kuma sirrin gidanmu ba abin sayen kujera ba ne.

Fassarar Ingilishi ta fi ba ni aiki, domin su sun fi son gajerun jumloli da tafiya kai tsaye, sai da wani malamin Ingilishi ɗan Katsina da ke koyarwa a nan garin ya zauna da ni muka bi ta layi-layi. Sauran wahalhalun sanannu ne ga duk wanda ya taɓa nema daga nan: wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗora kundi mai nauyi, intanet ya tsaya, kuɗin rajista kuma sai da katin banki, wanda na aro a wurin wani ɗan'uwa.

Kafin in aika, Baba ya ce in karanta masa. Na zauna a bakin tabarmarsa bayan la'asar na mayar masa da ita Hausa tun daga farko har ƙarshe. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Duk na ji. Amma kin gaya musu za ki dawo?" Na ce yana cikin sakin layi na ƙarshe, inda na ce nufina in dawo Maraɗi in yi aiki da magina, in kuma rubuta musu ɗan littafin aiki da Hausa. Ya ce in sake karanta masa wurin. Daga nan ya sa albarka.

Wata jami'a ba ta ɗauke ni ba, wata ta ɗauke ni ba tare da tallafi ba, wanda a wurina daidai yake da ƙi. A Faransa aka kira ni ganawa ta bidiyo, kuma duk tambayoyin daga cikin shafi biyun nan suka fito. Wata malama ta ce, idan mutanenku ba sa son ƙasa, da wane dalili za ki tilasta musu? Na ce ba tilas a ciki, yawancinsu a cikinta suke zaune yanzu haka kuma a cikinta za su ci gaba da zama domin siminti ya fi ƙarfinsu, abin da ya rage shi ne ko dai ta faɗo musu ko ta tsaya. Da amsar ba tawa ba ce, da a nan za a gane, shi ya sa nake hana ƙannenmu biyan wani ya rubuta musu.

Na yi karatun, na dawo. Daminar 2024 ta nuna cewa tambayar tana nan da ranta, domin gidaje da yawa sun rushe a Maraɗi, an rasa rayuka, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, ya faɗi a farkon watan Satumba. Yanzu haka ni da Kawu da wasu magina muna da ƴan gajerun katangu na gwaji a wani fili, kowace da irin tushenta da irin shafenta: wata an ɗaga gindinta da dutse, wata da jeri uku na birgin siminti kafin a ɗora na ƙasa, wata an shafe ta da farar ƙasa, wata da makuba. Wadda aka ɗaga wa gindi aka kuma tsawaita wa indararo ita ta fi jurewa zuwa yanzu, sai dai farar ƙasa mai kyau tana da tsada a kasuwarmu, injin matse birgi kuma ɗaya gare mu na hannu. Littafin da na yi alkawari a sakin layi na ƙarshe ban gama shi ba. Kawu ya ce idan da boko kaɗai na rubuta, rabin maginan ba za su karanta ba, don haka muna neman wanda zai juya mana shi zuwa ajami kafin aikin rani ya kankama.